Kuɗin Bakin Ƙofa: Abin da Ɗalibi ke Kashewa Kafin ya Sami Gurbin Karatun Wasan Kwaikwayo

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron reshe wanda ya haɗa malaman Birnin Kudu da na Gwaram

 



Da sakatare ya tambaye ni abin da zan yi magana a kai, na ce masa kuɗin da yaro ke kashewa wajen neman gurbin karatun wasan kwaikwayo da kiɗa. Sai ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ana maganar ƙarin girma da kuɗin hutu, kai kana maganar wasa?" Na roƙe shi ya yi mini haƙuri ya saurara, ku ma haƙurin nan nake roƙo a wurinku.

Akwai wani yaro da na koyar a aji biyar. Ba zan faɗi sunansa ba, domin wasunku sun san mahaifinsa. Idan azumi ya kai goma, shi ne jagoran tashe a unguwarsu, shi ke fitowa a tsoho da gemun auduga da sanda, har manya su tsaya kallo. A aji kuwa, idan na gama karanta labari, sai ya tashi ya raba wa 'yan ajin matsayi, a maimaita labarin a aikace. Da ya gama sakandare sai ya ce wasan kwaikwayo zai karanta a jami'a. Mahaifinsa manomi ne, bai gane kan karatun ba, amma ya yarda da ɗansa, ya sayar da akuya aka yi rajista. Yaron ya ci maki mai kyau. Aka ƙara sayar da buhun gero ya tafi tantancewa. A can ne aka sanar da shi cewa ba shi da adabin Turanci, ko a takardar sakandare ko a darussan da ya rubuta a jarrabawar shiga jami'a. Makarantar da ya yi ba ta da malamin adabi, mai shagon intanet da ya cike masa fom kuma ya zaɓa masa darussan da ya saba zaɓa wa kowa. Domin ya gyara, sai ya sake zama jarrabawar sakandare ta masu zaman kansu, ya kuma sake sayen fom, tunda sakamakon jarrabawar shiga jami'a shekara ɗaya yake aiki. Mahaifin ya ce babu sauran akuya. Yau yaron yana taya wansa ciniki a kasuwar Sara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin ya sayi fom ya zo ya gaishe ni, ya faɗa mini nufinsa, na sa masa albarka na sallame shi. Ban tambaye shi ko ya yi adabi ba, domin ni ma a lokacin ban san ana bukatarsa ba. Laifin nan har da ni.

To, bari mu yi lissafi. A shekarar 2019 gwamnatin tarayya ta rage kuɗin fom ɗin hukumar JAMB daga naira 5,000 zuwa naira 3,500, har yau kuma shi mutane ke riƙewa a ka. Amma a shekarar 2025, abin da ɗalibi ya biya gaba ɗaya naira 7,200 ne, idan an haɗa da kuɗin littafin da ake wajabta karantawa, da kuɗin cibiyar rajista, da na cibiyar jarrabawa, da na banki. Wanda ya so yin jarrabawar gwaji kuwa naira 8,700 ya biya. Kafin wannan ma sai yaro ya mallaki lambar NIN, wadda aka wajabta tun 2021, da layin waya nasa na kansa. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, don haka yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ya biya kuɗi a koya masa. Sannan ga zirga-zirga: zuwa rajista, zuwa buga takardar da ke nuna rana da wuri, zuwa jarrabawar kanta, wadda sau da yawa da sassafe ake shiga, dole mai zuwa daga ƙauye ya kwana a garin.

Wannan duka kowane ɗalibi yana biyansa, ko likitanci yake nema ko lauya. Abin da ya ƙara wa mai neman wasan kwaikwayo nauyi abu uku ne.

Na farko, nisa. Wuraren da suka yi suna a wannan fanni kusa da mu su ne Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, da Jami'ar Jos, da Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa wadda ita ma a Jos take. Tun 2017 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce kada kuɗin tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB ya wuce naira 2,000. Madalla. Sai dai yaron Gwaram da zai je Zariya, sai ya hau mota zuwa Birnin Kudu, ya bi ta Kwanar Huguma da Wudil ya shiga Kano, ya sake wata motar, ya ci abinci, ya nemi wurin kwana, ya dawo. Naira 2,000 ɗin nan ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai kashe. Kowa a nan ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Idan kuma 'ya mace ce, ba uban da zai bar ta ta tafi ita kaɗai, sai an haɗa ta da wa ko kawu, komai ya zama biyu. Shi ya sa 'ya'yanmu mata suke fara faɗuwa tun a tasha.

Na biyu, adabin Turanci. Kusan duk inda ake koyar da wasan kwaikwayo a matakin digiri ana neman kiredit a Turanci da adabin Turanci, ana kuma so adabin ya kasance cikin darussan JAMB. Yaron da makarantarsa ba ta da malamin adabi, sai ya sayi littattafan da kansa, ya biya mai koya masa, ya biya kuɗin wata jarrabawar. Wannan haraji ne da ɗan birni ba ya biya.

Na uku, gwajin gwaninta. A fannin kiɗa musamman, makarantu da dama ba sa ɗaukar ɗalibi sai ya tsaya a gaban malamai ya rera ko ya kaɗa. Makarantar kiɗa ta MUSON da ke Legas, alal misali, da gwaji take ɗaukar ɗalibanta, kuma daga nan zuwa Legas tafiyar yini da kwana ce. Yaronmu yana iya gwanancewa a kalangu ko garaya ko kukuma, amma a wurin gwaji za a so ya san rubutun kiɗa irin na Turawa, wanda babu mai koyar da shi a kusa da mu. Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A Amurka da Ingila ma, masu neman shiga manyan makarantun wasa da kiɗa, irin su Juilliard ta birnin New York, suna biyan kuɗin nema, su biya na tafiya da masauki, wani ma ya zagaya makarantu da yawa kafin ɗaya ta ɗauke shi. Can ma an daɗe ana ƙorafin cewa 'ya'yan masu hali ne suke cika dandali.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan kuɗin a bakin ƙofa ake kashe shi, kuma babu mai ɗaukar nauyinsa. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a 2024, sai wanda ya riga ya sami gurbi yake rantawa. Tallafin karatu na jiha ma sai ka nuna takardar shiga makaranta. Wanda bai kai ƙofar ba, babu sunansa a kowane littafi. Ku kwatanta da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ku tuna kuma cewa yawancin iyayen yaranmu ba su da albashi ko kaɗan. Ga shi kuma ana sayar da fom a farkon shekara, lokacin da kuɗin kaka ya fara ƙarewa.

Na san abin da ke ran wasu daga cikinmu: ashe ma alheri ne idan tsada ta hana yaro karanta wasa? Ban raina wannan damuwa ba. Mun ga yadda aka yi a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, jama'a da malamai suka ƙi, aka fasa. Iyaye suna da hujjar jin tsoron tarbiyyar 'ya'yansu. Amma mu tuna, wasan kwaikwayo na zamani a ƙasar Hausa a hannun malaman makaranta ya girma. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta Bauci kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malamai ta Arewa, ya rubuta wasanni yana yaƙar zalunci da jahilci da su. Da yawanmu mun karanta Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, babu kuma wanda ya lalace saboda su. Ɗaliban Zariya sun yi shekaru suna shiga ƙauyuka suna tattauna matsalolin manoma ta hanyar wasa. Da wasan rediyo aka wayar da kan iyaye da yawa game da rigakafi. Mu kanmu manhajar ilimi bai-ɗaya ta ɗora mana darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, amma a makarantu nawa ne wanda ya karanci fannin ke koyar da shi? Akasari duk malamin da ke da sarari a jadawali shi ake miƙa wa. Idan 'ya'yanmu masu tarbiyya ba su karanta wannan fanni ba, ba za a daina wasa ba, sai dai wasu su yi mana yadda suka ga dama. Kuma a garin da ke da duwatsun da magabata suka yi zane a jikinsu, suka kuma riƙa kaɗa wasunsu suna amo tun kafin a san boko, bai kamata fasaha ta zama baƙuwa ba.

Saboda haka ina gabatar wa reshe shawarwari huɗu.

Na ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin JAMB mai bayanin sharuɗɗan kowane fanni yana nan a intanet kyauta. Reshe ya naɗa mutum uku su fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa a shafi ɗaya, a raba wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare da iyayensu, tun kafin yaro ya zaɓi darussa. Da an yi wa ɗalibina haka, da akuyar mahaifinsa ba ta tafi a banza ba.

Na biyu, mu buɗe ƙaramin asusu na ganin dama. Idan malamai 100 suka riƙa ba da naira 200 a wata, a shekara an tara naira 240,000, wato kuɗin rajistar yara 33 a farashin 2025. Asusun ya zama na kowane fanni, amma kada a cire mai son wasa ko kiɗa daga ciki, kuma a fara duba marayu da 'ya'ya mata. A riƙa karanta lissafinsa a kowane taro.

Na uku, masauki. Babu wanda ba shi da ɗan uwa ko abokin karatu a Kano ko Zariya ko Jos. Sakatare ya buɗe littafi a rubuta waɗanda suka yarda su sauki yaro kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma zai kwantar da hankalin iyaye.

Na huɗu, reshe ya rubuta wa hukumomin ilimi a rubuce yana neman a tura malaman adabin Turanci manyan sakandaren da ba su da su a ƙananan hukumomin nan biyu. Mu kuma a firamare mu farfaɗo da ƙungiyoyin wasa da muhawara, domin yaron da ya saba tsayawa a gaban jama'a tun yana aji huɗu ba zai yi rawar jiki ranar gwaji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan uwa, makonnin baya na je Sara na ga yaron nan. Ya tashi ya gaishe ni da ladabi, ya ƙi karɓar kuɗin abin da na saya. Da zan tafi sai ya ce mini ƙanwarsa tana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ta fi shi iya tsara labari. Ya tambaye ni waɗanne darussa ya kamata ta zaɓa. Wannan karon na san amsa, na rubuta masa a takarda. Abin da nake roƙo shi ne reshe ya sa wannan amsa ta isa ga kowane gida, ba sai wanda ya ci karo da tsohon malaminsa a kasuwa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, daga gare ni ne, ina neman afuwarku. Allah ya albarkaci 'ya'yanmu, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya.