Ƙwaƙwalwa Ba Ta Riƙe Da Yawa A Lokaci Guda

Me ya sa mai loda katin waya yake karanta lambobin huɗu-huɗu, yana ta maimaita su a baki kafin ya danna? Saboda ma'ajiyar wucin gadi da ƙwaƙwalwa ke aiki da ita ƙarama ce ƙwarai. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, George Miller, ya ce tana riƙe abubuwa kusan 7. A 2001 wani masanin, Nelson Cowan, ya ce kusan 4 ne, kuma a ganina shi ya fi kusa da gaskiya. Abin da ba a maimaita ba, cikin daƙiƙa 20 ya fara gushewa. Wani ya yi maka sallama a tsakiya, shi ke nan, sai ka koma farko. Don haka malamai, ku riƙa ba yara umarni kaɗan-kaɗan.