Haske da Fuska: Darasin Farko na Mai Ɗaukar Bidiyo



Tun da aka buɗe tashar talabijin ta Ibadan a 1959, ta Kaduna kuma ta biyo baya a 1962, na'urar ɗaukar hoto mai motsi ta sake siffa sau da dama. A zamanin kaset ɗin U-matic, wanda kamfanin Sony ya fito da shi a 1971, mutum biyu ke fita aiki, ɗaya da kyamara a kafaɗa, ɗaya rataye da akwatin naɗar hoton. Yau kuwa wayar aljihu tana yin aikin duka biyun. Amma abin da ɗalibin aikin jarida yake fara cin karo da shi yana nan yadda yake, wato haske.

Idon ɗan Adam yana gyara kansa ba tare da mai shi ya sani ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Tana da wata ƙofar haske a cikin madubinta, in an bar ta ta sarrafa kanta, sai ta auna hasken wurin baki ɗaya ta ɗauki tsaka-tsaki. Alal misali, ga dattijo baƙin mutum da tsakar rana, sanye da farar babbar riga da farin rawani. Farin tufa zai rinjayi awon, ƙofar ta tsuke, rigar ta fito tas har ana ƙirga zaren aikinta, fuskar kuwa ta dushe a inuwar rawani. An ɗauki riga ke nan, an bar mai riga. Maganin abin shi ne ɗalibi ya mayar da ƙofar hannunsa, ya auna hasken a kan fuska, ko da aikin rigar zai ɗan ɓace. In ya sami mai riƙe masa farin kwali ya mayar da hasken rana ƙarƙashin rawanin, to, madalla.

Sa'an nan haske yana da launi. Na rana ya kai kimanin 5600 a ma'aunin Kelvin, na ƙwan fitila irin na da kuwa kimanin 3200. Saboda haka kafin a fara ɗauka, sai a nuna wa kyamara farar takarda a wurin da za a yi aikin, don ta san abin da ake kira fari a nan. Wanda ya manta, ya fito daga zaure zuwa fili, zai ga jama'a sun koma shuɗi. Haka kuma wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, abin da ya dace da hotuna 25 a daƙiƙa. Wayoyi da yawa kuwa a kan 30 suke zuwa, shi ya sa hoton da aka ɗauka ƙarƙashin doguwar fitila yakan yi ƙyafta-ƙyafta.

Sauran al'amura na hannu ne, yau da gobe ke koyar da su. A kafa kyamara a kan mai ƙafa uku. A jawo fuska kusa a daidaita ganinta, sa'an nan a ja da baya. Kowane hoto a bar shi ya tsaya kamar daƙiƙa 10, domin mai tacewa ya sami abin yanka. Yawan jawo hoto da mayarwa al'adar sabon shiga ce, kan mai kallo kawai take juyawa. A sa abin sauraro a kunne, gama jawabin da iska ta cinye ba a sake yin sa.

Ma'aikatan da ke shirya tarurruka su ma suna da hannu a nan. Sau da yawa akan zaunar da babban baƙo ya ba taga baya, ko a ƙarƙashin rumfa mai jan tamfol da ke rina fuska, a tura mai kyamara can ƙarshen fili, in hoton ya lalace a ɗora masa laifi. Da za a kira shi tun ana jera kujeru, zai nuna inda rana za ta tsaya a lokacin jawabi, da inda ya kamata a kafa mumbari.