Masai Mai Kukan Dare: Gyaran da Uwargida Za Ta Yi da Hannunta

  

Yau zancenmu a kan banɗaki ne, masai na zamani mai tankin ruwa a baya. Da yawanmu mun san wannan: tsakar dare, kowa ya yi barci, sai ki ji ruwa ya fara tsiyaya, shuuu, ya ɗan jima ya yi shiru, can kuma ya sake. Wata sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce mutanen ɓoye ne. Addu'ar shiga banɗaki kam kada ki bar ta, amma wannan kukan, 'yar uwa, na roba ne, kuma kuɗin cefanenku yake ci.

Ga yadda abin yake. A ƙasan tankin akwai rami, wata 'yar roba ta toshe shi. In kin danna, robar ta ɗaga, ruwa ya sauka ya wanke. A sama kuma akwai ƙwallo mai yawo a kan ruwa. In ruwa ya yi ƙasa sai ƙwallon ya bi shi ya buɗe famfo, in ya cika ya rufe. To, in robar ƙasan ta tsufa, ko yashin burtsatse ya shiga ƙarƙashinta, sai ruwa ya riƙa sulalewa a hankali ba ki gani. Da ya ragu, ƙwallo ya sauka, famfo ya buɗe ya cike gurbin. Wannan cikon shi ne ƙarar da kike ji.

Mu yi lissafi. A ce lita ɗaya ke zuba duk minti goma. A awa ɗaya lita 6 ke nan, a kwana ɗaya 144, kusan jarka shida ta lita 25. A mako kuwa ya haura lita 1,000, wato tankin sama guda cur. Ki tuna yadda ake fama a watan Afrilu, gulbin Gagare ya koma rairayi, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi, man inji ya yi tsada. A wani gidan har rigima ake yi tsakanin uwargida da amarya a kan wa ta ƙarar da ruwa, alhali ɓarawon yana banɗaki.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Duk ruwan nan ramin sokawe yake tafiya. In ramin ya cika sai ƙazanta ta tumbatso tsakar gida, ko ta bi ƙarƙashin ƙasa ta nufi rijiya. Masana lafiya suna so a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin shadda da rijiya, gidajenmu na cikin gari kuwa kaɗan ne ke da wannan filin. Ba mu manta ba, a 2021 amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, kuma a daminar 2025 likitocin MSF sun yi ta jinyar masu wannan cuta a Zurmi da Shinkafi.

Na san abin da za ki ce: maigida ya tafi kasuwar Shinkafi tun safiyar Alhamis, kuma mai gyaran famfo ba zai shigo ba sai yana nan. Gaskiya ne. Amma yawancin wannan aikin bai fi ƙarfinki ba.

Da farko ki ɗaga murfin tankin da hannu biyu ki ajiye a kan tabarma, tangaran ne, yana fashewa. In mai madanni ne a sama, sai kin warware madannin tukuna. Kada ki ji ƙyama, ruwan da ke ciki na famfo ne, bai haɗu da najasa ba.

Sai gwaji. Ki zuba rabin kofin zoɓo mai kauri, wanda ba sukari, ko bular wanki, a cikin tankin. Ki hana yara shiga har rabin awa. In kin dawo kin ga launi ya ɓullo a kwanon masai, to robar ce ke yoyo.

Yanzu ki rufe ɗan famfon da ke jikin bango, ki danna ruwan ya fita duka. In naku ba shi da wannan famfon, ki gicciya sanda a bakin tankin ki ɗaure hannun ƙwallon sama da igiya. Ki duba: in mai 'yar sarƙa ne, wataƙila sarƙar ta yi gajarta tana ɗage robar, ko ta yi tsawo ta shige ƙarƙashinta. Ki daidaita ta, ta ɗan yi sako-sako kaɗan. In mai madanni ne, ki kama bututun tsakiya ki murɗa shi kaɗan, zai fito, robar tana gindinsa. Ki wanke ta, ki goge bakin ramin da tsumma da ruwan lemun tsami har ki ji ya yi santsi. In ta taurare, ko ta tsage, ko tana bar miki baƙi a yatsa, kwananta ya ƙare. Ki ba maigida ko yaro tsohuwar ya je da ita shagon kayan famfo, don girmansu ba ɗaya ba ne.

In kuma ƙarar ba ta tsayawa sam, ki dubi tsawon ruwan. Ya kamata ya tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da bakin bututun da ke kwashe rarar ruwa. In yana malala ciki, ki murɗa ɗan sukurun da ke hannun ƙwallon har ya sauko. Hannun roba ba a lanƙwasa shi, karyewa yake yi. Ki kuma girgiza ƙwallon, in kin ji ruwa a cikinsa ya huje, sai sabo.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki riƙa zuba bilic a cikin tanki, yana cinye roba. Kuma kada ki taɓa haɗa bilic da asid wajen wanke masai, hayaƙinsu yana shaƙe mutum.

In kin ga tankin ya tsage, ko ruwa na ɗiga a ƙasa, ko ƙusoshi sun yi tsatsa, wannan na mai gyara ne. Ki rufe famfon, ku yi amfani da bokiti har maigida ya dawo, sannan ki faɗa masa ainihin inda matsalar take, kada a sa shi sayen abin da bai lalace ba.

Masu shaddar gargajiya ma ban manta da ku ba: a rufe bakinta, a riƙa barbaɗa toka, a ajiye buta da sabulu a ƙofa.

Nan za mu dakata. A gaida maigida da yara. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, ku huta lafiya.