Bashin Tsohuwar Mata Da Ɗaurin Raina Kotu: Jawabin Kwamitin Kare Haƙƙi A Taron Wata-Wata Na Agege

 

Abin da ya sa kwamiti ya zaɓi wannan magana shi ne wani ɗan'uwanmu mai sana'ar fawa, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Sun rabu da matarsa da 'ya'ya uku, ta kai ƙara, kotu ta yanke masa kuɗin ciyarwa da na makaranta duk wata. Ya biya sau biyu ya daina. Aka kawo masa sammaci ya cusa a aljihu, aka sake kawowa ya ce ai shi ba ya jin Turanci. Ran da ya zo gare mu, takardar kama shi ta riga ta fito. Tambayarsa ita ce: ashe ana ɗaure mutum saboda bashi a ƙasar nan?

Amsar tana da fuska biyu. Talauci kaɗai ba laifi ba ne. Haka kuma ɗan sanda ba shi da ikon tsare ka kan bashi tsakaninka da wani. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kamu kan irin wannan rigima, ta kuma hana kama ɗan'uwanka a madadinka. Amma da zarar alƙali ya ba da umarni, magana ta canza. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin walwala, shi da kansa ya yarda a tsare mutum idan ya ƙi bin umarnin kotu. Wannan shi ne raina kotu.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan kuɗi ne aka ce ka biya, tsohuwar matarka tana iya neman a kira ka gaban alƙali a bincike ka bisa rantsuwa: me kake samu, me ka mallaka, wa kake ciyarwa. Idan ya tabbata kana da hali ka ƙi, ko ka ɓoye dukiya, ko ka mai da motarka da sunan ƙanenka don kada a taɓa ta, alƙali zai iya tura ka gidan yari, wanda tun 2019 ake kira gidan gyaran hali. Idan kuwa ya ga lallai babu, yana da ikon yanka maka kuɗin ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Idan umarnin ba na kuɗi ba ne, misali ka mayar da kayan ɗaki ko ka miƙa yaro ga uwarsa, za a fara kawo maka fom na 48, mai gargaɗin abin da zai biyo baya, sannan fom na 49, mai kiran ka ka zo ka faɗi dalilin da zai hana a ɗaure ka. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan takardu, kada ya bari ta kwana bai nuna wa mai karatu ba.

Akwai wani kuskure da nake yawan ji a tasha. Wai mutum ya je ya yi zamansa ya fito, shi ke nan an yi biyan bashi. Ba haka ba ne. Za ka fito ka tarar da bashin yana nan, ga kuma na watannin da ka yi a ciki ya hau kai, ga rumfarka a rufe. Ban da ɗauri ma, kotu tana iya sa a kwashe kaya a yi gwanjonsu, ko ta umarci banki ya cire kuɗin daga asusunka.

Wasu kuma sukan ce aurenmu na Musulunci ne, ina ruwan kotun Legas da shi? Gaskiya ne Dokar Al'amuran Aure ta 1970 ta auren rajista ce, ba ta shafi wanda aka ɗaura a masallaci ba. Gaskiya ne kuma gwamnatin Legas ba ta kafa kotun Shari'a irin ta Kano ko Sakkwato ba. Kwamitocin malamai da ke zama a masallatai sulhu suke yi, ba su da ikon ɗaure kowa. Amma haƙƙin yaro dabam ne. Jihar Legas tana da Dokar Haƙƙin Yara tun 2007, da kotun iyali, kuma ba ta tambayar inda aka ɗaura auren iyaye kafin ta sa uba ya ciyar. Ga malamanmu nan zaune, su ma za su shaida cewa a mazhabar Malikiyya ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne bayan saki, ana jinkirta wa marar hali, mai hali da ke taurin bashi kuma alƙali yana tsare shi. To ko mutum ya gudu gida, abin da ya bari shi zai tarar.

Wanda kasuwa ta juya wa baya, ya koma kotun da ta yi hukuncin ya nemi a rage ko a sassauta masa, tun kafin bashin ya taru. Ya tafi da hujja: takardar asibiti, takardar sallama daga aiki, bayanin asusun banki. Ya biya abin da ya samu ko yaya yake, amma ta banki ko ta hannun kotu da rasit. Ɗan'uwanmu mahauci ya rantse ya sha aika kuɗi ta hannun yaron shagonsa, sai dai babu takarda ko ɗaya, ita kuma ta ce ba ta gani ba. Wanda bai jin Turanci ya nemi tafinta a gaban alƙali, kada kunya ta sa ya yi ta gyaɗa kai ga abin da bai fahimta ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a ta Tarayya, akwai kuma ofishin lauyoyin kare talakawa na Jihar Legas da aka buɗe a 2000, da cibiyoyinta na sasanta jama'a, waɗanda ba a biyan kuɗi.

Iyaye mata, ku ma da ku nake. Idan kotu ta yanke maku haƙƙi, ku adana takardar hukuncin, ku rubuta kowace rana da aka biya da wadda ba a biya ba. Kada surutun unguwa ya sa ki yafe abincin 'ya'yanki, domin ba naki ba ne balle ki yafe. Amma ki sani mutumin da ke tsare ba ya nema. Sau da yawa cirewa daga banki ta fi ɗauri kawo kuɗi.

Shi dai ɗan'uwan namu, mun raka shi kotu da lauya, ya ba da haƙuri, dattawan kasuwa suka haɗa masa rabin abin da ya taru, aka raba masa sauran. Masu irin wannan takarda a gida su same mu bayan an tashi, muna nan har Magariba.