Abdullahi ɗan Fodiyo: jarumin da ya sa wa nasara linzami



Wanda zan yi magana bisa kansa yau ba baƙo ba ne gare mu. A ƙasar Ƙwanni kakanninsa Toronkawa suka zauna, kuma a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi wansa Shehu Usmanu a 1754. Shi kuwa Abdullahi an haife shi wajen 1766, ya yi karatu hannun wansa har ya zama gwani a fiƙihu.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, malamin ya ɗauki kwari da baka. Shi ya ja rundunar da ta karya Yunfa, Sarkin Gobir, a Tabkin Kwatto cikin wannan shekara.

Amma ba a fagen fama darajarsa ta fi bayyana ba. Wajen 1806 ya lura waɗansu abokan tafiya sun koma neman muƙami da dawaki da tufafin alfarma, abin da aka tashi kawarwa ke nan. Sai ya bar rundunar, ya nufi Makka. Mutanen Kano suka tare shi, suka roƙi ya koya musu yadda ake mulki. Nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, inda ya shimfiɗa yadda ake naɗa shugaba, da aikin waziri da alƙali, da dukiyar da ta halatta ga baitulmali. A ganinsa, shugabanci amana ce, ba gadon gida ba.

Aka jarraba shi da abin da ya rubuta. Da Shehu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello aka yi wa mubaya'a, ba shi ba. Ransa ya ɓaci, ya janye, amma bai ɗaga takobi a kan ɗan wansa ba. Bayan yaƙin Kalambaina suka shirya, ya ci gaba da riƙon Gwandu har rasuwarsa wajen 1829.

Ya ku ƴan kasuwa da ma'aikata, tsawata wa abokin gaba ba wuya. Mai wuya shi ne mutum ya tsawata wa nasa bayan sun ci nasara, kuma ya haƙura ranar da kujera ta wuce shi. Duk mai neman ku miƙa masa amana, ku auna shi da wannan mudu.