Botar Président da Asusun Ƙungiya: Jawabin Kwamitin Kayan Masarufi a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Shugaba, Allah ya ƙara maka lafiya. Iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Jugu tun asuba, da waɗanda suka gangaro daga Malanbil, da na Nikki da Cikanda, sannunku da hanya. Allah ya maimaita mana wannan rana, ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya.

Mun ji ƙamshin shinkafa yana tasowa daga bayan rumfa, don haka ba za mu tsare ku ba. A taron da ya wuce, wasu daga cikin matasanmu sun kawo shawara a ciri kuɗi daga asusun ƙungiya a sayi manyan firigo biyu, ɗaya a nan Faraku ɗaya a Jugu, a riƙa ɗauko botar Président daga Kwatano kwali-kwali ana sayarwa, har a ƙetara da ita Nijeriya. Hujjarsu ita ce suna ya riga ya sayar da kayan, mai saye ba ya ko taya shi. Dattawa suka ce kwamitinmu ya bincika ya kawo amsa. Kuɗin da ake magana a kai kun san shi. Shi ne wanda muke kai wa ɗan'uwa in duwan ta riƙe masa kaya, ko mota ta faɗi da shi, ko an yi masa rasuwa.

Mu fara raba gardamar suna, domin a nan ake ruɗa mu. Duk abin da aka shafa wa burodi mukan ce masa bota, alhali iri biyu ne. Wadda mai shayi yake kwasa da wuƙa daga babbar roba, irin su Blue Band, margarin ce. Da man tsirrai ake yin ta, galibi kwakwar manja, kuma wani Bafaranshe ne ya ƙago ta a 1869 don a samu abin da zai maye gurbin man shanu da araha. Ita kuwa Président man shanu ne zalla, daga kirim ɗin madara. Ku juya fakitin za ku ga an rubuta 82%, wato kashi 82 cikin ɗari mai ne, saura ruwa da ɗan abin da ya rage na madara. Dokar Turai ba ta yarda a kira abu bota ba sai mansa na madara ya kai kashi 80, ruwansa kuma bai wuce kashi 16 ba. Kafin a samu kilo ɗaya sai an kaɗa lita 20 da 'yan kai na madara. To, wanda ya ce tsadar duk yaudara ce bai yi adalci ba. Araha ba ta ado, kuma wanda ya ɗanɗana biyun a kan burodi mai zafi ba sai an yi masa bayani ba.

Amma sunan fa? Kamfanin da yake yin ta, Lactalis, wani mutum mai suna André Besnier ne ya kafa shi a garin Laval a 1933, sunan Président kuma ya fito a 1968. Yau shi ne kamfanin madara mafi girma a duniya. Sai dai 'yan'uwanmu da suka zauna a Faransa za su shaida cewa can botar kowa da kowa ce, tana jibge a kowane kanti. Waɗanda Faransawa suke ji da su uku ne, ta Isigny da ta Charentes-Poitou da ta Bresse, masu hatimin AOP, wanda yake nuna a yanki ɗaya aka tatsi madarar aka kuma yi man bisa ƙa'idar yankin. Fakitin da ake kawo mana ba shi da wannan hatimi. Abin da Président take da shi shi ne rashin canjawa: ta bana kamar ta bara, nauyin da aka rubuta shi ne a ciki. Mu da muke fama da mudu mai lotsattsen gindi mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta cancanci a yarda da ita. Sarautar da muka naɗa mata a nan kuwa, jirgin ruwa da tashar Kwatano ne suka naɗa.

Domin kuɗin da mai saye yake biya a Arzeke, kaɗan ne daga cikinsa kuɗin nono. Akwai kwantena mai sanyi tun daga Faransa, akwai duwan, akwai ɗakin sanyi a Kwatano, akwai ribar wanda ya shigo da ita da ta dillalinsa, sannan mu. Abu ɗaya da yake taimakonmu shi ne sefa tana ɗaure da yuro, 655,957 ba ta motsi. Amma farashin bota a Turai yana motsi. A 2017 sai da ta yi ƙaranci a kantunan Faransa kanta, kuma in ya tashi can, bayan 'yan watanni zai same mu a nan ba tare da ya yi sallama ba.

Yanzu hanya, wadda ita ce sana'armu. Daga Kwatano zuwa nan ya haura kilomita 400, daga nan zuwa Jugu wajen 130. Bota tana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, kun kuwa san abin da Maris da Afrilu suke yi mana. Ƙara da tsayawar shinge, da faci, da direban da ya ce sai ya kwana a Sabe. Wani cikin matasan ya tuna mana cewa kakanninmu fatake sun ɗauko goro daga Gwanja, suka yada zango a Jugu, suka kai shi har Kano, goro kuwa shi ma kaya ne mai lalacewa. Magana ce mai kyau, mun ji daɗinta. Amma goro ganye yake so da yayyafin ruwa da mai tsince ruɓaɓɓe, duk abin da bafatake yake iya yi da hannunsa a gindin itace. Bota wuta take so dare da rana, kuma ba mu ne muke riƙe da makunninta ba. In ta narke ta sake daskarewa, siffarta ta karkace, takardar ta jiƙe da mai, ɗanɗanon ya juya. Mai sayen irin wannan kaya kuwa ba ya yafewa, don abin da ya biya kuɗinsa ke nan.

Ga lissafi, a matsayin misali kawai, kowa ya sa farashinsa na yau. A ce kwali yana da fakiti 40, ka sauke kowanne a kan sefa 1.800, ka sayar jika biyu. Ribarka dala 40 a fakiti. In huɗu kacal suka lalace ko kwanan watansu ya wuce, ka yi asarar 7.200, ribar sauran 36 ɗin kuma 7.200 ce daidai. Ka yi wa Lactalis dako kyauta, ba a ma zo kan kuɗin wuta da man janareto ba.

Su wa za su saya? Manyan otal, masu gasa kayan fulawa irin na Turawa, wasu malaman jami'a da likitoci, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. A Faraku akwai su, amma yawancinsu suna da mai kawo musu tun da daɗewa. A Jugu kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Batun ƙetarawa Nijeriya, tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan da aka saya da yuro ya yi wa aljihun can nauyi. Kuma babu wanda ya manta Agustan 2019, da aka wayi gari an rufe iyaka har Disambar 2020, ko abin da gadar Malanbil ta zama bayan Yulin 2023. Mai shinkafa ya jira, mai atamfa ya jira. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hajiyoyin kwamitinmu su ne suka juya mana tunani. Suka ce, wai duk wannan wahala a kan man shanu, alhali ga shi Fulani suna shigo da shi kullum a ƙwarya? A gidajenmu ba a kan burodi mai yake ƙarewa ba, a kan tuwo ne da miyar kuka da ɗanwake da shinkafa da wake. In aka soya kilo na Président, ruwan ya ƙone, abin da zai rage bai fi giram 800 ba, kuma ba zai ba da ƙamshin nan na man da aka kaɗa daga kindirmo ba. Soyayyen man shanu da albasarsa yana wata da watanni a kwalba babu firigo, a rufe masa iyaka ko a buɗe. Shi ma yana da nasa ciwon. Saniyar Bargu lita ɗaya zuwa biyu take bayarwa a yini, da rani shanu su yi nisa mai ya yi wuya, kuma akwai masu gauraya shi da margarin ko su ɗura shi a kwalbar da ba a wanke ba. Wato abin da ya rasa shi ne abin da Président take sayarwa: mai saye ya ɗauka ba tare da ya shinshina ba. Haka man kaɗe yake. Matan Donga da Bargu ne suke tsinto ƙwarar, Turai kuma tun 2000 ta halatta a sa mai irinsa har kashi 5 cikin ɗari a cakulan, mu kuwa har yanzu a ganye da tsohon gwangwani muke sayar da shi.

Ga abin da kwamiti ya tsayar, Shugaba. Kada a taɓa asusu don firigo. Duk ɗan ƙungiyar da yake da otal ko mai gasa burodi da ya yi masa oda ya ba da kafin alƙalami, ya ɗauko da kuɗinsa, a cikin kula da ƙanƙara, motar dare, ya duba kwanan wata tun a Kwatano, kada ya karɓi fakiti mai tabon mai komai ragin da aka yi masa. Sannan muna roƙon a ba mu izini mu zauna da ardo-ardo da matan rugage na kewayen Faraku da Jugu kafin damina ta kankama, a yi magana a kan awo ɗaya, suya ɗaya, sabuwar kwalba mai murfi da takardar ƙungiya a jiki. Matasan da suka kawo shawarar firigo su muke so su riƙe wannan aiki, don su suka iya waya da lissafi. Takardar sa suna tana wajen magatakarda, a bakin ƙofa.