Jiragen Leƙen Asiri Marasa Matuƙi: Bukatar Tsaro da Lissafin Masu Jari



Batun wannan lacca shi ne jiragen sama marasa matuƙi, waɗanda sojoji ke amfani da su wajen leƙen asiri, da kuma dalilin da ya sa masu zuba jari suka mai da hankali a kansu. Sanin kowa ne attajiri ba ya sa dukiyarsa sai inda ya hango ciniki mai ɗorewa. A shekarar 2024, bisa lissafin cibiyar SIPRI ta birnin Stockholm, ƙasashen duniya sun kashe dala miliyan dubu 2,718 a kan harkokin soja. Irin wannan kasuwa ba ta ɓuya ga mai neman riba.

Misali mafi kusa shi ne jirgin Bayraktar TB2, wanda kamfanin Baykar na ƙasar Turkiyya yake ƙerawa. Jirgin yana iya shawagi fiye da awa 24 bai sauka ba, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na jirgin yaƙi mai matuƙi ba. Sunansa ya fito a yaƙin Azarbaijan da Armeniya a 2020, sa'an nan a Yukiren a 2022. Daga nan masu saye suka yi ta tururuwa. Jamhuriyar Nijar ta karɓi guda 6 a 2022, Mali da Burkina Faso da Togo su ma suka saya. Dalilinsu a fili yake: ƙasa ce mai faɗi, iyakoki masu tsawo, sojoji kaɗan, ga abokan gaba masu yawo a kan babura. Ficewar sojojin Faransa daga Nijar a 2023, da na Amurka daga sansaninsu na Agadas a 2024, ta ƙara wa wannan bukata ƙarfi.

To, a ina ribar take? A nan ne ya kamata ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su natsu. Gangar jikin jirgin ba ita ce abin da ya fi ɗaukar hankalin mai jari ba. Abin da yake dubawa shi ne kyamarar da ke ƙarƙashin jirgin, da injinsa, da tashar da ake sarrafa shi daga ƙasa, da kayan gyara, da horad da ma'aikata. Jirgi sau ɗaya ake sayensa, amma waɗannan abubuwa shekara da shekaru ake biyan kuɗinsu. Watau duk ƙasar da ta sayi jirgi guda, ta zama abokiyar ciniki muddin jirgin yana tashi.

Ita kanta Turkiyya ta ɗanɗana wannan darasi. Da farko kyamarar TB2 daga Kanada ake kawo ta. A watan Oktoba na 2020 gwamnatin Kanada ta dakatad da sayar mata da ita saboda yaƙin Azarbaijan, a 2021 kuma ta soke izinin ɗungum. Sai Turkiyya ta koma ga kyamarar da kamfaninta na Aselsan ya ƙera, kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Istanbul. Ta tsira ne domin tana da masana'antar da za ta cike gurbin. Ƙasar da ba ta da irin wannan, ran da mai kaya ya janye hannunsa, jiragenta sai su zauna a rumfa. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Nijeriya ta taɓa yunƙurawa. A 2013 aka nuna jirgin Gulma, a 2018 kuma aka ƙaddamad da Tsaigumi a Kaduna, wanda injiniyoyin Sojan Sama suka ƙera tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal. Amma ƙera samfuri daban, kafa masana'anta daban. Na biyun yana bukatar jari mai haƙuri, da gwamnatin da za ta riƙa saye a kai a kai, ta kuma biya a kan lokaci.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin lissafin mai jari. Ran 3 ga Disamba 2023, jirgin soja maras matuƙi ya kai hari a kan masu bikin Mauludi a ƙauyen Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutane aƙalla 85 suka rasu, Rundunar Soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Kyamara tana ganin taro, amma ba ta san ko taron mene ne ba. Wannan sani yana wurin mutum mai horo, da labari sahihi daga mutanen ƙasa.

Saboda haka, duk jami'in da takardar sayen irin wannan jirgi ta biyo ta teburinsa, lalle ne ya tambayi abu uku: wa zai gyara shi, wa ke da ikon hana kayan gyaransa, kuma nawa aka ware domin horad da masu yanke hukunci a kan abin da ya gani. Mai jari ya riga ya yi nasa lissafin, saura mai saye.

Allah ya ba da zaman lafiya, amin.